Littafin Kawu da manhajojin eshek huɗu

Sana'ata gyaran waya ce, a wani ɗan shago kusa da mahaɗar Yelwa, nan Garwa. Ban da canza gilashi da bakin caji, rabin masu zuwa wurina so suke in zuba musu wani abu a waya: karatun Alƙur'ani, wasan ƙwallo, jefi-jefi kuma eshek, wasan nan da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka ke kira ces. Duk wanda ya ce "sa mini mai ƙarfi", sai in zuba masa wanda ya fara zuwa hannu in karɓi kuɗina. Ban taɓa zama na auna su ba sai bana, kuma Kawu ne sila.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ya yi aikin awon auduga a ƙauyuka har ya ajiye, kuma tun ina yaro na san shi da wani littafi mai baƙin bango da ba ya bari a taɓa da hannun miya. A ciki akwai ƙananan hotunan allon eshek da ya yanko daga tsofaffin jaridun Faransanci ya manna da ƙaro, wasu kuma shi ya zana da rula da biro. Ba ya son buga wasa da mutum, wai hayaniya ce. Abin da yake so ƙulli ne: a jera 'ya'ya a allo, a rubuta a ƙasa "fari zai fara, mat a motsi 2", ko 3, ko 5. Wannan ɗan rubutu alkawari ne cewa ko me baƙi ya yi, sarkinsa zai mutu cikin wannan adadi, ba ƙari. Akwai kuma sharaɗi na biyu, wanda shi ya jawo duk abin da zan faɗa: motsin farko, da ake kira mabuɗi, dole ya zama ɗaya tak. In aka sami hanya ta biyu, ƙullin ya rushe.

A watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke sa kwalta laushi, na je gaishe shi bayan la'asar na tarar da shi ƙarƙashin darbejiya, littafin a cinya, tabarau a goshi. Ya ce, "Kai ne kullum kake cewa wayoyinku sun fi mutane kai. Tun 1997 na ji a rediyo injin IBM ya kayar da Kasparov, zakaran eshek na duniya. To kawo naka mu gani." Na ce, "To Kawu, amma in ta ba da kunya a yi mini afuwa."

Sunayen da muke kiran 'ya'yan a gidanmu su ne sarki, sarauniya, hasumiya, doki, soja, sai wanda Faransawa ke ce wa fu, mu kuma muka ce masa wawa, tunda kowane sarki da wawansa. In an kai wa sarki hari mu ce eshek, in ya rasa mafita mat ke nan. In kuma mai motsi ya rasa inda zai taka alhali ba a kai masa hari ba, wannan pat ne, an tashi canjaras.

Abu huɗu na gwada. Akwai manhajar da na fi zuba wa mutane, mai allo mai sheƙi da 'ya'ya kamar na zinariya, wadda ba zan kira sunanta ba. Akwai DroidFish, manhajar Android ta kyauta da Peter Österlund ya rubuta, mai ɗauke da injin Stockfish a cikinta. Akwai shafin Lichess. Sai Popeye, wanda na sa a tsohuwar kwamfutar shago, wadda batirinta ya mutu tuntuni, in wuta ta ɗauke ita ma ta ɗauke. Wayar kuwa 'yar talakawa ce, irin wadda mafi yawan masu zuwa shagona ke riƙewa, don ban ga amfanin gwaji da wayar da ba wanda zai iya saya ba.

Kawu ya fara da mai sauƙi, wanda ake dangantawa ga Paul Morphy, gwanin Amurka na ƙarni na 19, wai yana yaro ya tsara shi. Ku jera shi ku gani, kowane gida a allo da harafi da lamba ake kiransa. Fari: sarki a gidan c8, hasumiya a gidan a1, soja a b6. Baƙi: sarki a gidan a8, wawa a b8, sojoji a gidan a7 da b7. Mat a 2. Hannun kowa zai fara zuwa ga cin sojan a7 da hasumiya, sai wawa ya cinye ta, an yi asara. Mabuɗin shi ne hasumiya ta hau gidan a6, ta tsaya a bakin soja kamar mai neman a ci ta. In sojan b7 ya ci ta, sojan fari ya matsa b7, mat. In wawa ya gusa ko ina, hasumiya ta ci a7, mat. Sojan a7 kuma ba shi da ikon cin b6, don in ya kauce ya buɗe wa sarkinsa hari.

Duka ukun da ke waya sun samo shi kafin in ɗaga ido. Kawu bai ko gyara zama ba. Amma ya sa ni na lura da wani abu da ya zame mini fitila a sauran gwajin. Ya ce, "Bayan hasumiya ta hau a6, me fari ke shirin yi?" Na duba, na sake dubawa. Ba komai. Da doka ta yarda baƙi ya ce "na haƙura, ba zan motsa ba", da fari ba shi da mat. Tilascin motsi ne ke kashe shi. Jamusawa suka sa wa wannan hali suna, zugzwang, kowa kuma ya ara.

Daga baya na gane cewa a nan ne injinan wasa da masu tsara ƙulli suka raba hanya. A tsakiyar wasa mai motsi yakan sami zaɓi wajen 30. Mat a 2 motsi uku ne in aka haɗa na fari da na baƙi, wato 30 sau 30 sau 30, hanya 27,000, wanda ko tsohuwar waya ta lashe shi kamar ruwa. Mat a 3 ya kai hanya miliyan 24 da ɗoriya. Mat a 5 ya haura tiriliyan 19. Ba injin da zai bi wannan daji itace bayan itace yana kuma wasa da agogo, saboda haka injin wasa sara yake yi. Dabara ɗaya ita ce ya ce wa kansa, "bari in ɗauka ban motsa ba, in bar abokin gaba ya yi biyu a jere, in duk da haka ina lafiya, to wannan reshe bai cancanci dogon bincike ba." Wata dabarar kuma ita ce ya jera motsi daga wanda ya fi kama da mai kyau zuwa wanda bai yi kama ba, na ƙarshen layi ya ɗan leƙa su sama-sama ya wuce. A wasa na gaske wannan sara ne ke ba shi nisan gani. Amma mai tsara ƙulli da gangan yake ɓoye mabuɗinsa a ƙarshen layin nan, cikin motsin da ba ya ci, ba ya kai hari, ba ya kama da komai, kuma sau da yawa dogaronsa ga tilascin motsi ne, inda dabarar "ban motsa ba" ke yin ƙarya. Masu gina Stockfish sun san da haka, sun sa masa kariya: ba ya yin wannan dabara in sarki da sojoji kaɗai suka rage wa mai motsi, kuma a bincike mai zurfi yakan koma ya tabbatar. Duk da haka an gina shi ne don ya ci wasa, kuma ga mai son cin wasa mat a 9 da mat a 7 duk tuwo ne.

Na biyu shi ne sanannen ƙullin Sam Loyd da aka buga a Landan a 1861, mai suna Excelsior, mat a 5. Labarinsa shi ne Loyd yana da aboki mai cika bakin cewa da ya kalli ƙulli yake sanin ɗan da zai yi kisa. Loyd ya jera masa wannan ya ce ya nuna ɗan da ba zai yi kisan ba. Abokin ya nuna sojan b2, wanda ke can baya bai ko tashi daga gidansa ba, sarkin baƙi kuwa yana kusurwar h1. Sojan nan shi ne ya tashi b4, ya ci hasumiya a c5, ya hau c6, ya ci b7, ya ci doki a kusurwar a8 aka naɗa shi babban ɗa, kamar yadda ake yi wa duk sojan da ya isa ƙarshen allo, ya kashe sarki daga wannan kusurwa zuwa waccan. DroidFish ya fito da shi nan take, da ɗan rubutun m5, wato mat a 5, a gefen layi. Lichess ma haka, shi alamar # yake sawa. Mai zinariya ta yi ta juya wani ɗan da'ira a fuskar waya, sannan ta ba da motsin da ba shi ba ne, kuma ba ta da wurin da za ta gaya maka ko ta ga mat ko ba ta gani ba. Tana motsawa kawai.

A nan ne kuma ta yi mini abin da ba zan manta ba. Ina miƙa wa Kawu wayar ya duba da tabaraunsa, sai allon ya ɓace, tallar caca ta cika fuskar waya, da kiɗa da wata mace da ba ta gama sa tufafi ba, ga maɓallin rufewa ya ƙi fitowa sai an ƙirga daƙiƙoƙi. Kawu ya kifa wayar a tabarma ya ce, "A'uzu billahi. Wannan kake sa wa 'ya'yan mutane?" Ban sami amsa ba, don gaskiya ita nake sa musu.

Ban jefar da ita nan take ba, na ce a ƙara mata dama. Muka ba ta matsayin Saavedra na 1895, wanda ba ƙullin mat ba ne kai tsaye, amma kowane mai son eshek ya san shi: sarki da soja ɗaya suna cin sarki da hasumiya. A ƙarshensa soja na isa c8, in aka naɗa shi sarauniya baƙi ya jefa hasumiyarsa c4 da eshek, a ci ta, ya zama pat. Dole a naɗa shi hasumiya. Mai zinariya ba ta ma tambaya. Duk sojan da ya isa ƙarshe sarauniya ne, ko kai kake motsawa ko ita. Wajen jera allo kuma ba ta da inda za ka ce mata har yanzu sarki na da ikon yin rok, wato motsin da sarki da hasumiya ke yi tare a lokaci ɗaya, alhali a al'adar ƙulli ana ɗauka akwai wannan iko sai in an tabbatar babu, kuma Kawu na da shafi guda na ƙullin da mabuɗinsu rok ne. DroidFish da Lichess duk suna da wurin da ake latsa wannan.

Wanda ya fi cin lokacinmu, ya kuma fi ba mu daɗi, na Ottó Bláthy ne, na 1922. Bláthy injiniyan lantarki ne ɗan Hungary, ɗaya daga cikin mutum uku da suka ƙera taransifoma irin ta zamani a shekarun 1880, wato hannunsa na cikin akwatin nan da ke rataye a falwayar unguwa muna yi masa addu'a kullum. A lokacin hutunsa dogayen ƙulli yake tsarawa. A wannan, baƙi na da 'ya'yansa 16 cif, ba a ci ko ɗaya ba, sun cunkushe a kusurwa kamar fasinjojin motar Pitowa ranar Lahadi: sarki c1, sarauniya a gidan a2, hasumiyoyi b3 da d2, wawaye a gidan a3 da d1, dawaki b1 da e1, sojoji b2, b4, c2, c3, c4, c5, d3, e2. Fari sarki ne a f2 da soja ƙwaya ɗaya a h2. A ƙasa an rubuta mat a 16.

Da na gama jerawa na ce, "Kawu, anya ba a juya launin ba?" Ya yi murmushi ya ce in latsa.

Ga yadda yake. Sarkin fari ya ci dokin e1 ya zauna a gaban sojan e2. Daga nan rundunar baƙi ta toshe kanta, kowa ya taka ƙafar ɗan'uwansa, ba mai iya motsi sai sarauniya, ita ma tsakanin gida biyu kawai, a1 da a2, tana kai da komo kamar mai jiran haihuwa. Sojan fari ya kama hanya. In ya isa h8 sarauniya ba za ta amfane shi ba, don sarkin baƙi na cikin ganuwar mutanensa, sai mai tsalle ne zai iya kai masa, saboda haka doki za a naɗa. Dokin ya zagayo ya ci sojan c5, sannan na c4, dole a wannan jeri, don in ya fara da c4 na bayansa zai gangaro ya maye gurbi. Sai ya je a5, ya ci hasumiyar b3, mat. To amma a daidai lokacin da zai faɗa b3 dole sarauniya ta kasance a gidan a1. In tana a2, cinye shi za ta yi. Doki kuwa ba ya iya ɓata motsi ɗaya, kowane tsalle yana canza launin gida, ko ya zagaya allon sau goma lissafin bai canzawa. Sarkin fari ba ya iya gusawa, in ya tashi sojan e2 ya zama sarauniya. Wuri ɗaya tak ake iya gyara lissafin, tun a motsi na biyu, inda soja ke da zaɓin taku ɗaya ko biyu. Dole ya yi ɗaya, h3. Wanda ya yi gaggawa ya tura h4 ya riga ya zubar da nasara, ba zai sani ba sai bayan motsi goma sha uku.

Mai zinariya ta tura h4 da ƙarfinta, ta je ta naɗa sarauniya, ta yi ta yawo da ita a allo. Kawu ya ce, "Wannan ba ta san sarauta ba. Duk wanda ya iso ƙofar fada sai ta ɗaura masa rawani ɗaya." A nan na goge ta, a gabansa.

DroidFish ya ɗan yi jim, lambar da ke nuna wanda ke gaba tana rawa, layin da yake nunawa yana canzawa, sai ga h3 a motsi na biyu, ga doki a na bakwai, ga m16. Kawu ya karɓi wayar ya bi layin da yatsa har ƙarshe yana motsa leɓe. Ya ce shi mako biyu ya yi a kan wannan, a wani ƙauye bayan Gidar, da fitilar ƙwai. Bai ce an burge shi ba. Ya dai aika a ƙaro shayi.

Wayar fa ta yi zafi. Stockfish in ka sake shi yana cin duk ƙarfin da ya samu, ga rana ta Afrilu, har bayan wayar ya gagari tafin hannu. Na cire mata riga na jingina ta da cikin randa, inda sanyin yumɓu ke fitowa, muka ci gaba a haka, ni a tsugune gaban randa ina karanto wa Kawu motsi. A cikin saitin DroidFish ana iya rage yawan sassan ƙwaƙwalwar waya da injin zai yi aiki da su, kuma ina ba duk mai ƙaramar waya shawarar ya yi hakan. Babbar falalarsa a wurinmu ita ce ba ya neman intanet ko kaɗan, ba talla, ba rajista. Fuskarsa dai ba ado, kamar ofishin gwamnati, kuma sabon shiga zai ɗan yi lalube kafin ya gano inda ake jera allo.

A dogayen ƙulli masu 'ya'ya da yawa na ga halin da na bayyana a sama da idona. Yakan fara cewa mat a 11, ka jira ya ce 9, ka ƙara jira ya sauko 8 ɗin da aka rubuta a littafi. Duk lambar da ya nuna, ma'anarta ita ce ya ga mat a wannan adadi. Ba rantsuwa ya yi cewa babu mafi gajarta ba, kuma ba inda ya yi alkawarin yin wannan rantsuwa.

Lichess ba zan daɗe a kansa ba. Wani Bafaranshe, Thibault Duplessis, ya kafa shi a 2010, kyauta ne, ba talla, kuma injin da ke allon nazarinsa Stockfish ɗin ne dai, don haka amsoshin kusan ɗaya ne. Jera allo ya fi sauƙi a nan, amma sai da mega a waya. Abin da ya fi DroidFish da shi a wurina shi ne rumbun ƙarshen wasa: in 'ya'yan da ke allo ba su wuce 7 ba, ba lissafi yake yi ba, duba amsa yake yi a teburin Syzygy, wanda Ronald de Man ya fito da shi a 2013, aka kammala na 'ya'ya 7 a 2018. Na 'ya'ya 5 bai kai giga 1 ba, ana iya sa shi a waya DroidFish ya yi aiki da shi. Na 6 wajen giga 150 ne, na 7 ya haura terabayit 16, sai dai a leƙa shi ta intanet. Teburin yana gaya maka tabbas ci ne ko canjaras, da nisan da ya rage kafin a ci wani ɗa ko a tura soja, wanda ba shi ne adadin motsin mat ba, kar a ruɗe. Masu ƙirga mat ɗin kansa su ne teburan Lomonosov da aka lissafa a Mosko a 2012, inda aka tono matsayin da sai an yi motsi 549 kafin mat. Da na gaya wa Kawu ya ce, "A wasa ai dokar motsi 50 za ta raba su tun ba a je ko'ina ba." Haka ne kuwa, don in an yi motsi 50 ba a ci ɗa ba, ba a tura soja ba, ana iya tashi canjaras.

Lichess na da dubban ƙulli na horo, amma daga wasannin mutane aka tsamo su, mafi yawa da eshek ko ci suke farawa. Sun dace da yaro mai koyo, kuma 'yar ƙanwata ta maƙale musu. Kawu ya kalli uku ya ture. A wurinsa mabuɗin da ya fara da eshek buɗe ƙofa ne da gatari. Ya ƙara da cewa kar in ɗauka Turawa suka fara wannan sana'a, gwanayen Bagadaza irin su al-Adli da as-Suli suna tsara nasu, mansuba, tun ƙarni na 9 da na 10, kuma a fadar Borno ma an yi wasan da ake kira tsatsarandi, jikan eshek ɗin Larabawa.

Sai ranar Juma'a ta biyu na ɗauko kwamfuta a bayan babur, don Popeye. Wannan ba ya buga wasa sam, bai san wa ke gaba ba, bai damu ba. Aikinsa ɗaya: ka ba shi matsayi da sharaɗi, ya bi kowace hanya har ƙarshe ya kawo maka duk mabuɗin da ke akwai. Shi ya sa mujallun ƙulli ke sa alamar C+ a ƙarƙashin wanda aka tantance da irin wannan manhaja. Akwai 'yan'uwansa, kamar Chest na Heiner Marxen da Gustav na Olaf Jenkner, amma Popeye na samu, kuma kyauta ne. Ba allo, ba hoto. Rubutu za ka yi a fayil, kuma yana jin Faransanci, ka fara da DebutProbleme, ka jera 'ya'ya da haruffan da Kawu ya saba da su, R da D da T da F da C, ka sa sharaɗi kamar #3. Harafi ɗaya ya kuskure, ya ƙi. Mat a 2 da a 3 kafin ka ɗauke yatsa ya gama. Daga nan lokaci ke ninkuwa, wani mat a 8 mai cunkoso muna jiransa wuta ta ɗauke, kwamfuta ta bi ta.

A bayan littafin akwai ƙulli goma sha biyu da Kawu ya tsara da kansa. Ban san da su ba sai ranar. Na farkonsu mat a 3 ne, wanda ya ce ya fi so, mabuɗinsa sarauniya ce ke barin gaban sarkin baƙi ta koma can kusurwa kamar ta yi fushi. Tun makon farko ashe ya zame shi cikin waɗanda na ba DroidFish bai gaya mini nasa ba ne, injin kuma ya fito da mabuɗinsa daidai, da m3, na ga ya yi ta shafa gemu ban san dalili ba.

Na rubuta wa Popeye shi. Ya kawo mabuɗin Kawu da rassansa duka. A ƙasa kuma ya kawo wani: sarkin fari ya gusa gida ɗaya gefe, shi ma mat a 3.

Na yi shiru ina kallon fuskar kwamfuta, ina tunanin ko in rufe. Ya ce, "Karanto." Na ce, "Kawu, wataƙila ni na yi kuskuren rubutu." Ya ce, "Karanto, ɗana." Na karanto. Ya jawo allonsa na katako, wanda dokin fari ɗaya ya ɓata aka maye shi da murfin kwalba, ya jera, ya gusa sarkin, ya gwada wa baƙi kariya ɗaya, biyu, uku. Ya daɗe. Har aka kira magariba hannunsa na kan allo. Sannan ya ce da Faransanci, a hankali, "Demoli," wato ya rushe. Ya ce shekara talatin da wani abu yana nuna wa mutane wannan ƙulli, ba wanda ya taɓa gani.

Da na koma gida na buɗe DroidFish na sa ya nuna layi uku maimakon ɗaya, abin da yake iya yi tun farko ni ne ban latsa ba. Ga motsin sarkin nan a layi na biyu, da m3 ɗinsa. Tambaya ɗaya na yi masa a makon farko, wane motsi ne mafi kyau, ya ba ni amsa ɗaya. Don haka ga mai gajeren ƙulli da ba shi da kwamfuta, wannan dabara tana kama rusasshe, in dai ya tuna ya ƙara layuka. Tabbaci irin na C+ kuwa sai Popeye da ire-irensa.

Yanzu a shago wanda ya ce in sa masa eshek, DroidFish nake sa masa, in nuna masa inda ake rage ƙarfin injin don kar ya karaya tun ranar farko. Mai yawan mega da ke son wasa da mutane in buɗe masa Lichess. Mutum biyu sun dawo sun ce ina mai zinariyar nan, ta fi kyau a ido. Na ce su nema a wani shagon.

Kawu ya yi kwana huɗu bai neme ni ba. Ran na biyar ya aiko yaro da takarda a ninke, ya zana matsayin da biro, ya ƙara baƙin soja ɗaya da ke tare wa sarkin fari wancan gida. Na rubuta wa Popeye, mabuɗi ɗaya ya fito. Na kai masa labari da yamma, ya sa na maimaita sau biyu, sannan ya ɗauko jan biro ya rubuta C+ ƙanana a ƙarƙashin hoton, da kwanan wata. Muka tantance goma daga cikin sauran a makonni biyu, uku suka rushe, ya gyara biyu, ɗaya har yanzu yana kansa. Na ƙarshen, wanda ke shafin da ya naɗe wa kusurwa, da na miƙa hannu zan kwafa sai ya dafe shi ya ce wannan a bar shi tukuna.